Kujerar Shayib a Bayan Aji

Ranar da na fara tsayawa gaban aji a Jidda, aljihuna cike yake da alƙaluman allo, kuma duk sun bushe kafin in gama rubuta kwanan wata. Ba wanda ya gaya mini cewa a garin nan idan ka bar alƙalami a mota, rana shanye shi take yi kamar shayi. Na ja wannan, ba komai. Na ja wancan, sai ƙara, ƙiii, kamar an taka wutsiyar kyanwa. Yara suka fashe da dariyar da na tabbata masunta sun ji ta a tsakiyar Bahar Maliya. Wani mai kunnuwa kamar faranti ya ɗaga hannu ya ce, "Ya Ustaz, khalas, shi ke nan, ka rubuta da yatsa." Maraba ke nan da aka yi mini a sana'ar da ku samari kuke cewa ai zama ne cikin sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ana biyan mutum don ya yi surutu.

To ku gyara zama. Ku da kuka shigo aikin nan bana, kuna yawo da jakar kwamfuta kuna tambayata yadda ake samun ƙarin albashi, yau zan ba ku amsa a rubuce, don na gaji da farawa a ɗakin malamai ana katse ni da ful da tamis, wato dafaffen wake da burodin tanderu. Kuma a ciki za ku ji dalilin da ya sa nake hana ku ɗora jaka a kan kujerar nan ta ƙarfe da ke bayan ajin sama.

Ni mutumin Gusau ne. Karatu ya kai ni Sudan, neman abinci ya haye da ni ruwa. Lissafi nake koyarwa a makarantarmu ta Ammariyya, tsohon benen nan da matakalarsa ta girmi kakana, inda yawancin yara 'ya'yan baƙi ne irinmu: Hausawan Sudan, mutanen Nijar da Cadi, Yamanawa, da wasu da su kansu ba su san daga ina aka ɗebo su ba.

A makarantarmu albashi ba ya ƙaruwa don ka tsufa, ko don ka haifi 'ya'ya, ko don muryarka ta dushe. Da awoyi yake ƙaruwa. Mai makaranta ya tsara cewa malami sai ya tara awoyin ƙaro sani kafin ya hau daraja ta gaba, kuma kowace daraja da ƙarinta. Hanyoyin tara su uku ne. Akwai daura, ba Daura ta Katsina ba, kwas ne da ake tara ku a zaure wani ya zo da majigi ya nuna muku yadda ake koyarwa, a ba ku shahada, wato takardar shaida, mai ɗauke da awoyi. Akwai ziyara, wato ka je ka zauna a bayan ajin abokin aikinka ka ga yadda yake yi, a rubuta maka ɗan abin da ya samu. Sai kuma babbar, darasin gwaji: ka koyar a gaban babban malamin fanninka, shi ya shaida ka iya. Ko ka tara awoyin da za su cika jirgin ruwa, in babu wannan ba ka hau ba. Abin haushin kuma, awoyin nan ruɓewa suke yi kamar tumatir. In suka daɗe ba ka cika ba, na farko su zube, ka koma kasuwa.

Daurar da na fara zuwa, a wani zaure ne a unguwar Safa, mai sanyi kamar ɗakin ajiye nama. Mai koyarwar ya raba mu gida-gida, ya ba mu takardu masu launi da almakashi, ya ce mu yanka abin da ke nuna yadda muke ji game da ilimi. Ni na yanka rago. Wani dattijo kusa da ni, fari ƙal cikin jallabiyya da rawanin Sudan, bai taɓa almakashin ba. Ya karkato ya ce mini da Hausa, "Ya zol, yanzu da muke nan muna yanka takarda, wa ke tare da yaranmu?" Ya miƙe ya fita tun ba a kawo shayi ba. Ba a ba shi shahada ba.

Shi ne Ustaz Abdulƙadir, Bahaushen Sudan, babban malamin lissafi na makarantar. A bayan idonsa kowa Shayib yake ce masa, wato tsoho, a gabansa kuwa ni Baba Ustaz nake cewa. Ya riga fentin bango zuwa makarantar. Mutum ne da yake yi wa kowa sallama, har kyanwar bakin ƙofa, kuma takalminsa na fata yana kuka tun daga ƙasan matakala, ƙyas, ƙyas, yadda yara za su samu lokacin komawa kujerunsu. Turarensa sandal ne, in ya wuce ta baranda sai ya bar shi nan har la'asar.

Ga abin dariyar da ba dariya ba: mutumin da yake shaida wa kowa ya hau daraja, shi bai taɓa cika nasa awoyin ba. Daura ba ya iya zamanta, ta kwamfuta kuwa cewa yake shi ba ya karatu a wurin akwati. Ziyara kaɗai ta rage masa, ita kuma awoyinta kamar ɗigon famfo. Sai ya zama duk lokacin da ba shi da darasi yana bayan ajin wani, kan kujerarsa ta ƙarfe, yana tarawa ta gaba, na baya suna ruɓewa. In ka tambaye shi, "Baba Ustaz, ina aka kwana?" sai ya yi murmushi ya ce, "Saura kaɗan." Na zo na tarar saura kaɗan. Gemuna ya fara furfura, saura kaɗan.

A hannunsa na koyi aikin. Ba ya yi maka gyara a gaban yara, ba ya ma magana. Carbi yake riƙewa, na itace, manyan 'ya'ya. In ka ba aji baya kana magana da allo, sai ka ji ƙas, ya saki ɗa ɗaya. In ka yi tambaya ka amsa wa kanka, ƙas. Shekarata ta farko, ajina kamar ana fasa gyaɗa a baya. Bayan darasi sai ya ja ni baranda ya ce, "Ɗana, kai da ka yi tambaya sai ka tsorata da shirun. Shirun nan ba naka ba ne, na yaro ne. A ciki yake aiki. Me ya sa kake ƙwace masa?"

Na ce, "Baba Ustaz, in na yi shiru suna iya cinye ni."

Ya ce, "Su cinye ka. Akwai ka da yawa." Yana nufin tumbina, wanda tun lokacin yake riga ni shiga aji.

Kuma Shayib ba ya rubuta rahoto. Mudir, wato shugaban makaranta, ya yi fama har ya gaji, suka daidaita a kan wata ƙa'ida da kowa ya sani: in Shayib ya zauna a darasin gwajinka har aka kaɗa ƙararrawa, ka ci. In ya tashi a tsakiya ya fita, ka faɗi, sai baɗi. Shi kuma mudir aikinsa ya hau sama ya leƙa ta gilashin ƙofa, da farko da kuma ƙarshe, ya ga babban malami a kujera da idonsa. An kawo wannan leƙen ne saboda a da malamai sukan shaida wa juna a ɗakin malamai, da kofin shayi a hannu, ba wanda ya taka matakala.

Abokan cinikinmu kuwa, kada ku ɗauka yara ne. Iyaye ne. Akwai uban da zai zo ya ce ɗansa haziƙi ne, lissafin ne ba shi da tarbiyya. Akwai uwar da za ta aiko maka saƙon murya mai tsawon huɗubar Juma'a, ta fara da Hausa, ta bi ta Larabci, ta ƙare da kuka. Akwai wanda ba ka taɓa ganinsa sai ranar sakamako, ya shigo da kayan aiki yana warin man inji, ya riƙe takardar a juye, ya ce, "Malam, ya dai wuce ko?" Wannan na ƙarshen shi na fi tsoro, don shi ya fi yarda da kai.

Sai shekarar da aji ya fara zubewa. An fara biyan kuɗi a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, mata da 'ya'ya, kuma abin yana hawa duk shekara. Mutane suka fara mayar da iyalansu gida. Ba a sallama. Yau ka kira sunan yaro ya amsa, gobe ka kira, na kusa da shi ya ce, "Safar, ya Ustaz," ya tafi. Littafinsa na nan cikin tebur, da rabin biskit. Na saba in yi ihu kafin a ji ni, sai ga shi ina magana a hankali muryata tana dawo mini daga bango. Aka haɗe azuzuwa aka sauko da su ƙasa. Hawan sama aka rufe shi, sai ɗaki ɗaya da aka bari don darasin gwaji. In ka hau, ƙofofi a jere a rufe, ta gilashi kana hango tebura cikin ƙura, da rubutun ranar ƙarshe a kan allo ba wanda ya goge. Tattabaru suka samu hanyar shiga, suna kuka a ciki kamar mutane na hira ƙasa-ƙasa.

Ni ma abin ya iso gidana a Sharafiyya. Matata Hajara ta ajiye mini abinci wata rana ta zauna, ba ta tashi ba, na san akwai magana.

Ta ce, "Abu Safiyya, in ba za a iya ba ka faɗa mini tun yanzu in fara ɗaure kaya. Ba na son a ce mini gobe-gobe."

Na ce, "Wane irin ɗaure kaya? Ni da zan hau daraja wannan zangon? Kuɗi za su yi mana yawa har mu riƙa ba kafili, ubangidan da ya tsaya mana a ƙasar nan, bashi."

Ba ta yi dariya ba. Safiyya ce, 'yarmu da aka haifa a nan, ta leƙo daga ɗaki. Hausarta ji ne kawai, in za ta yi magana sai ta haɗa da Larabci kamar mai gyaran mota da kayan aro. Ta ce, "Abuya, Gusau fi bahar? Akwai teku?"

Na ce akwai, har biyu, amma da rani ake naɗe su a ajiye.

Ta ce, "Ana ma abgha aruh. Ba ni so. Nan ne gida."

Gaskiyar maganar ita ce, da albashina na lokacin ba zan iya sabunta musu iƙama ba. Da ƙarin daraja zan iya, da ƙyar, in mun daina sanin nama. Awoyina sun cika, na yanka takardu masu launi har na ƙoshi. Darasin gwaji kaɗai ya rage, kuma dole a wannan zangon, don tsofaffin awoyina suna gab da ruɓewa. Manyan malaman lissafi biyu ne a makarantar. Ɗaya, Bamisre, ya riga ya tattara ya tafi. Ɗayan Shayib, shi kuma yana kwance a asibiti, ƙoda ta ƙi.

Na sami mudir a ofis na ce ko shi zai zauna mini. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Ya Ustaz, wallahi ina so. Amma ni tarihi na karanta. Mai makaranta ya ce babban malamin fanni, ni leƙe ne nawa. Ka sa rana, in Allah ya ba Shayib lafiya ya zo, khalas. In bai zo ba, ma'alesh, ba ni da abin yi." Muka sa ranar Alhamis ta ƙarshe kafin jarrabawa.

Na je duba Shayib ba da niyyar in tayar da maganar ba. Na same shi ya zama kamar sanda cikin zane, ba rawani, kansa ƙarami. Carbin na hannunsa. Na yi ta zuba masa labarai, na ce tun da ya kwanta kyanwar bakin ƙofa ta daina cin abinci, ta shigar da ƙara wai ba mai yi mata sallama. Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da na tashi tafiya sai ya riƙo hannuna.

Ya ce, "Yaushe ne gwajin?"

Na ce, "Baba Ustaz, bar wannan. Ka warke tukuna."

"Na ce yaushe?"

"Alhamis. Darasin kafin azahar."

Ya ce, "Zan zo." Ya lumshe ido, sannan ya ƙara da cewa, "Kada ka ɗauka don kai ne, ya zol. Ni ma ina son awar nan. Saura kaɗan."

Ranar Alhamis na sayi tamis mai zafi, manya, na hau da yarana sama. Darasin kaso ne, rabi da sulusi da rubu'i, kuma ni ban san abin da ya fi burodi koyar da kaso ba. Ɗakin ya yi zafi kamar tanderun da aka gasa tamis ɗin, don mukayyif ɗin sama ya mutu tun farkon shekara. Na goge kujerar ƙarfe da hannun rigata na ajiye ta a baya. Aka kaɗa ƙararrawa. Kujera ba kowa. Na yi ta jan lokaci, na kira suna a hankali kamar mai karanta wasiyya, na goge allon da yake a goge. Daga ƙarshe na ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri, na juya na rubuta kan darasi.

Ƙas.

Na ba aji baya ina magana. Na juyo. Yana zaune.

Fari ƙal, hannuwa a kan gwiwa, carbi na lilo. Farin ciki ya sa ban tsaya tunanin komai ba. Sai daga baya na tuna ban ji kukan takalmi a matakala ba, ban ji ƙofa ba, ita da take ƙara kamar jaki in an taɓa ta. Kuma bai yi sallama ba. Na ce, "Ahlan, Baba Ustaz! Sannu da ƙoƙari!" Bai amsa ba. Ya ɗan ɗaga yatsa, alamar ci gaba. Ta gilashin ƙofa na hango fuskar mudir, ya leƙo, ya washe baki, ya ɗaga mini babban yatsa ya wuce.

Na fara. Na ɗaga tamis na yanka biyu, na yanka wani uku, wani huɗu. A nan na lura da abu na farko: yarana sun yi shiru. Ku kun san yaran nan. Ko a jana'iza sai sun sami abin faɗa. Amma ranar ba mai motsi, ba mai waiwaye, kowa ya kafe ido a kaina kamar an ce wanda ya juya zai mutu. Abu na biyu, gumin da ya jiƙa mini riga ya bushe, har na fara jin sanyi a yatsun ƙafa. Na ɗaga kai na dubi mukayyif. A mace yake, igiyarsa ma a zare. Na uku, da na taka zuwa tsakiyar aji, ba sandal na ji ba. Kafur na ji. Na ce a raina warin asibiti ne. Na ga gemunsa a jiƙe, ruwa na ɗiga a ƙirjinsa ɗis, ɗis. Na ce alwala ya yi. Mutum in yana son abu, kowace tambaya yana da amsarta a aljihu.

Na koma gaba na yi tambayar da na gina darasin a kanta. Na ce, "Wanne ya fi girma, sulusi ko rubu'i? Ɗaya cikin uku, ko ɗaya cikin huɗu?"

Wasu muryoyi suka ce a hankali, "Rubu'i. Huɗu ta fi uku."

Na ce, "Kun tabbata? Ku sake dubawa."

Shiru. Irin shirun da kake jin jini na tafiya a kunnenka. Tattabarun ɗakin kusa ma sun daina. Tsoro ya kama ni, tsohon tsoron nan, na ga lokaci na tafiya, na ga Hajara na ɗaure kaya. Bakina ya buɗe da kansa: "Ai sulusi ne ya..."

Ƙas.

Na dubi baya. Ya dafa gwiwa ya fara miƙewa. A hankali, ba tare da kujerar ta yi ƙara ba, kuma yana miƙewa yana ƙara tsawo fiye da yadda na san shi. In ya fita, shi ke nan. Na haɗiye sauran maganar har ta shaƙe ni. Na rungume hannu, na kulle baki, ina roƙo a zuci, ya Allah zaunar da shi, ya Allah kada ya tafi. Ina jin duk duniya ba a taɓa yin wanda ya yi irin wannan addu'ar da irin wannan naciya ba, in kun ji ƙarshen labarin za ku gane.

Ya tsaya a haka, rabi a tsaye rabi a zaune. Ni ma na tsaya. Ban san tsawon lokacin ba, ni dai na san na tsufa a ciki.

Can sai wani yaro ɗan mutanen Cadi, wanda tun farkon shekara ban ji muryarsa ba, ya ce ba tare da ɗaga hannu ba, "Sulusi, ya Ustaz."

Na ce, "Don me?"

Ya ce, "Da mu huɗu ne muke raba tamis da safe. Da aka mayar da yayana gida muka zama uku, nawa ya ƙaru. Amma ni na fi son rubu'in."

Shayib ya koma ya zauna.

Sauran darasin ban san yadda na yi shi ba, amma yara suka karɓe shi daga hannuna, wannan ya ce to humusi fa, wancan ya ce a gidansu su takwas ne, tamis sai dai a shinshina. Ban ƙara jin ƙas ba. Dab da ƙarshe fuskar mudir ta sake bayyana a gilashi, ya dubi baya, ya gyaɗa kai. Aka kaɗa ƙararrawa. Yaran da kullum sai na kore su, ranar suka fita a guje ba wanda ya nemi ko gutsuren burodi. Na sunkuya in tattara tamis ina cewa, "Baba Ustaz, yau kam sai ka ci sulusi, ka ga..." Na ɗago. Kujera ba kowa. A ƙarƙashinta ruwa ya taru, ɗan kaɗan, kamar inda aka ajiye tulu.

Matakala ɗaya ce a benen nan. Na sauko na tarar da mudir a gindinta yana jira.

Ya ce, "Mabruk, ya Ustaz! Na riga na aika wa mai makaranta, khalas, ka hau. Ina Shayib? Ce masa ya sauko a hankali, na sa a dafa masa shayi. Wallahi mutumin nan ƙarfe ne."

Na ce, "Bai wuce ta nan ba?"

"Ta ina? Tun ƙararrawa ina tsaye a nan."

Muna kallon juna wayata ta yi ƙara. Babban ɗan Shayib ne. Ya ce tun da safe yake neman lambata. Ya ce Baba ya cika bayan sallar asuba. An yi masa wanka tun da hantsi, an shirya shi, ana jiran la'asar a yi masa salla.

Na ce, "Tun da hantsi?"

Ya ce, "Na'am, Ammu. Ni na zuba masa ruwan kafur da hannuna."

Mudir ya ji komai, don wayata ba ta iya sirri ba. Ya zauna a kan matakala, mutumin da ko ƙura ba ya bari ta taɓa farar rigarsa.

Mun je, mun yi salla, mun kai shi. Na ɗauki makara da kafaɗata, kuma ina gaya muku akwai mutum a ciki. Da na tambayi yara daga baya, na gaba suka ce su ba su waiwaya ba, haka kawai suka ji ba sa son waiwayawa. Na layin baya ya ce, "Ya Ustaz, kamar an buɗe firij a bayana." Na kai maganar wurin limamin unguwarmu. Ya ce wanda ya mutu ba ya dawowa, kuma na yarda, haka na karanta, haka nake koya wa 'ya'yana. Ya ce wataƙila aljani ne ya ɗauki kamarsa. Na ce to Malam, wane irin aljani ne zai bar duk abin da ke Jidda, ya bar bakin teku da manyan kantuna, ya hau bene cikin zafi ya saurari sulusi da rubu'i? Sai dai in shi ma ƙarin albashi yake nema. Liman ya ce in riƙa azkar in rage surutu.

Abin da ya hana ni sakat shi ne shaidar. In mudir ya janye, ba zan ce ya yi zalunci ba. In bai janye ba, da wace shaida zan ci abincin? Bayan an share makoki na shiga ofishinsa na rufe ƙofa.

Na ce, "Ya Mudir, maganar gwajin nan..."

Ya ɗaga hannu. "Ka koyar ko ba ka koyar ba?"

"Na koyar."

"Yara sun gane?"

"Har sun fi ni."

"Ƙa'ida ta ce in gani da idona, da farko da ƙarshe. Na gani da farko, na gani da ƙarshe. In mai makaranta ya tambaye ni, abin da zan ce ke nan, ko a gaban alƙali. Kada ka ƙara tayar mini da maganar nan, ina da hawan jini." Ya jawo kofin shayinsa. Har na kai ƙofa sai ya ce, "Shi ma na rubuta masa awarsa ta ziyara. Haƙƙinsa ne."

Na juyo na ce, "Ta cika masa?"

Ya daɗe yana kallon kwamfuta. Ya ce, "Saura kaɗan."

Ƙarin ya zo a ƙarshen wata. Na sabunta iƙamar Hajara da ta Safiyya, aka kwance kayan da ashe an riga an fara ɗaurewa a ɓoye. Safiyya tana nan, ta girma, Hausarta har yanzu da kayan aro take tafiya, kuma har yau ta ɗauka akwai teku a Gusau.

Yanzu ni ne babban malamin lissafi, ni nake shaida muku. Kun lura ba na zama a kujerar ƙarfe, tawa ta roba nake hawa da ita, in ajiye a gefe. Ba don tumbi ba ne, ko da yake shi ma yana da ra'ayi. Shawarata gare ku ita ce: ku je daura, ku yanka takarda, ku karɓi shahada, ba laifi. Amma ranar gwajinku kada ku ba aji baya, kuma in kun yi tambaya ku bar wa yaro shirunsa. In kun ji ƙas, kada ku dube ni. Ni ba na riƙe carbi a aji.

Makon jiya na leƙa ofis na tambayi mudir nawa awoyin, don akwai daraja ɗaya da ta rage mini, kuma daurorin yanzu duk na cikin akwati ne, barci suke sa ni. Ya duba, ya cire tabarau, ya ƙi haɗa ido da ni.

Na ce, "Faɗi mana, ya Mudir."

Ya faɗa. Kalmomi biyu ne, kun san su.

Saboda haka ita ma kujerata ta robar, ku bar ta inda take.